Bazarar da Na Musanya Jaki da Rediyo

Bana ruwa ya yi jinkiri. Mun share gonaki, mun kai taki, mun zauna muna kallon gabas. Zafi kuwa, in ka taka ƙasa da azahar ba takalmi, sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Sau ɗaya na taɓa ganin irin wannan bazarar, shekara talatin da wani abu baya. Ba na son tuna ta. Ba don yunwar ba, yunwa mun san juna. Don wata kalma ce da na faɗa a tsakiyar kasuwar Babura.

Malamar gona ce ta tono min ita. Sunanta Rifkatu, 'yar Filato ce, aiki ya kawo ta Kazaure, Hausarta ta fi ta wasu jikokina. Ta zo ƙauyenmu a kan babur da wata na'ura kamar waya, tana auna gonaki don a san takin zamanin da zai ishi kowa. Na kai ta kusurwar gonata ta gabas, inda gawo yake tsaye tun zamanin mahaifina. Ta jingina da shi ta danna. Ta yamutsa fuska.

"Baba, na'urar ta ce muna cikin gonar maƙwabcinka."

"Ƙarya take."

Ta sake dannawa. "Yanzu kuma ta ce muna cikin burtali."

"Ni da ke ba wanda ya motsa. Gawon ma bai motsa ba. Mayar da ita inda kika saya, cutar ki aka yi."

Ta yi dariya. "Lafiyarta ƙalau, Baba. Rana ce. Tun safe aka turo mana saƙo cewa yau da gobe kada mu yarda da awo. Ni ce na yi gardama na fito."

Muka zauna a inuwa. Na ce ta faɗa min laifin rana, don ni ƙuna kaɗai na sani nata.

Ta ce, "Ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba. Akwai wata iska da take hurawa kullum, ba irin wadda ke kaɗa ganye ba. Wasu 'yan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu ɗauke da lantarki. Ita kuma duniya Allah ya sa mata maganaɗisu a cikinta, ƙarfinsa ya kewaye ta. In iskar ta iso sai ta bugi ƙarfin nan ta zame ta gefe."

"Kamar darni," na ce.

"Kamar darni. To wani lokaci rana takan tunzura, ta watso iskar da yawa a tashi ɗaya. Darnin ba ya faɗuwa, amma yakan lanƙwashe ya yi ta kaɗawa. Yana kaɗawar nan, can ƙololuwar sama sai ta hargitse. Na'urata da taurarin ɗan Adam take magana, saƙonsu kuma ta wurin nan yake ratsowa. Shi ya sa yake isowa a karkace. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai komai ya lafa."

Sannan na yi tambayar da ta hana ni cin abinci ranar.

"Rediyo fa?"

"Har shi. Musamman gajeren zango, na tashoshin nesa. Muryarsu sama take tafiya, ta bugi wani rufi a can, ta faɗo mana. In rufin ya hargitse sai ka ji shuu kawai."

"Tashar kusa fa? Ta Kano?"

"Ita ta ƙasa take biyowa. Za ka ji ta garau."

"Daga baya ya dawo da kansa? Ba gyara?"

"Ba gyara. Baba, lafiya? In ba ka ruwa?"

Ba ruwa nake so ba.

Waccan shekarar, daminar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba. Gero ya kai ƙugu, ruwa ya ɗauke, ya tsaya a nan yana kallon mu. Abin da muka zuba a rumbu kaɗan ne. Kafin bazara ta raba, in Hanne matata ta shiga rumbu, muryarta daga can ƙasa nake jiyo ta kamar mai magana a rijiya. Irin shuka muka zuba a tulu muka liƙe bakin da laka. Ba don ɓera ba. Don mu.

Ga yadda wuninmu yake tafiya. Da an idar da sallar asuba, Hanne ta kora jaki zuwa rijiyar bakin fadama, don tamu ta unguwa ta ƙafe. Garwa huɗu yake ɗaukowa. Guga ya fito rabi ruwa rabi laka, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Da hantsi a dama kunu, irin wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Ka sha, ka miƙe, ka ji yana yawo a cikinka. Daga nan jakin ya dawo hannuna, in ɗora masa mangala mu yi ta kai taki gona. Da azahar ba mai motsi. Kaji su buɗe baki a gindin randa. Iska ta taso kamar daga bakin murhu. Da la'asar mata su fita neman aduwa da ganyen zogale. Abincin yamma kwaɗon busasshiyar tafasa ne, da ƙuli-ƙuli guda ɗaya da Hanne za ta daka ta barbaɗa wa mutum biyar. Tuwo sai kwana biyu-biyu, shi ma fiye da rabinsa dusa ne.

Ba mu mutu ba. Amma kowa ya ƙara huda a igiyar wandonsa, ko ya ƙara ƙulli.

Abu ɗaya ke sa maza su manta da cikinsu, shi ne rediyon Sarkin Noma Bawa. Shi ke kiran gayya a ƙauyenmu, shi ke da rediyo mai kamo tashoshin ƙasashen waje masu magana da Hausa. Bayan azahar mu taru a ƙofar gidansa, mu ji inda aka yi ruwa, inda ake yaƙi, inda aka raba hatsin agaji. In ka ji wasu sun fi ka shan wuya sai ka ji kunun ya ɗan zauna. Amma Sarkin Noma yana da hali. Ana tsakiyar labari sai ya miƙa hannu ya kashe.

"Batir ba a gonata yake tsirowa ba," in ji shi.

Wata rana ana cikin lissafa garuruwan da hatsin agaji zai bi, an zo kan namu yankin ke nan, ya kashe. Na tashi na kaɗe rigata. Na ce a raina na bar zama a gefen tabarmar wani.

Hanne tana da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Sale. Yana da rumfa a kasuwar Babura. Yana sayo rediyo da kuɗin sefa daga tsallaken iyaka, yana sayarwa, yana gyarawa. Tun yana ƙarami muke wasa da shi. Yaya yake ce min, sai in yana neman tsokana ya ce mijin Yaya mai kai kamar turmi. In ya zo gidanmu akushi ɗaya Hanne ke kawo mana, mu yi ta rigimar wanda ya fi wani loma.

Ba ni da kuɗi. Ina da jaki. Na yi lissafina ni kaɗai a gona: harawa ta ƙare, jaki ci yake yi, rediyo ba ya ci. Ranar kasuwa na kora shi Babura. Sale ya ce, "Yaya, ka yi shawara da Yaya Hanne?" Na ce gidana ne ko nata. Ya ɗauko min wani baƙi mai jakar fata da eriya doguwa kamar karan dawa, ya kunna, wani mutum ya yi sallama daga wata duniya kamar yana bayan rumfar. Na miƙa masa igiyar jaki.

Da ƙafa na dawo, rediyo a kafaɗa. Hanne tana tankaɗe a tsakar gida. Ta duba bayana.

"Malam, ina jakin?"

Na ajiye rediyon a kan turmi.

Ta kalle shi ta kalle ni. "Wannan zai ɗauko ruwa?"

"Wannan ba ya cin harawa."

"Batir ɗin fa? A zogale za ka tsinko?"

"Za mu riƙa jin abin da duniya ke ciki."

"Ni na san abin da rumbu ke ciki." Ta ci gaba da tankaɗenta. "To. Gobe da asuba sai in ɗaura masa garwa mu gani."

Kwana shida na yi ina sarauta. Tabarmar Sarkin Noma ta koma wayam, tawa ta cika har wasu na zama a kan takalmansu. Ni ba na kashewa a tsakiyar labari. Hanne kuwa sawu uku take yi rijiya da garwa a ka. Ba ta ce min komai. Sai dai in ta dawo, akwai yadda take dire garwar a ƙasa, da wata ƙara da ni kaɗai na san fassararta. Ni ma taki a kwando nake kai shi a kaina, rediyo yana lilo a wuyana, yana ba ni labarin ƙasashen da ƙanƙara ta dame su.

Da ruwa ya ƙi zuwa, Sarkin Noma ya ce a yi binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan a can. Caca ce. In ruwa ya zo da ƙarfi ka riga kowa. In yayyafi ya yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, ka rasa shi ka rasa abin ci. Aka fara gayya gona-gona. Rana ta bakwai aka zo tawa. Hanne ta fasa bakin tulun da hannunta, ta tsaya tana kallon geron kamar za ta yi masa sallama. Mutum ashirin suka jeru da sungumi, suna sara, mata da yara na bin su suna jefa iri suna takewa da diddige. Ƙasa ta yi zafi har ta cikin takalmin taya. Ba ni da abin ciyar da 'yan gayya sai ruwan kunu. Amma na yi musu alkawarin labarai a hutun azahar, kuma don shi da yawa suka zo.

Muka zauna a gindin gawon nan. Na ja eriya. Na kunna.

Shuu.

Na murɗa. Shuu. Na murɗa baya. Shuu, da wata 'yar ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na mayar da shi tashar Kano, sai ga mutum garau yana sanarwar ɗaurin aure. Na dawo gajeren zango. Shuu.

"Batir ne," in ji wani.

Na cire batir ɗin na jera su a kan dutse cikin rana, yadda kowa ke yi in sun yi sanyi. Yanzu da na ji bayanin Rifkatu, abin yakan ba ni haushi. Mai laifin na kai wa su ta yi musu magani. Da suka yi zafi na ciccije su, na mayar. Shuu. Wani ya ce eriyar ce ta gajarta. Aka samo waya, na ɗaura, na hau gawo da ita a baki. Gawo ƙaya gare shi. Na sauko da rabin wando. Shuu.

Mutum ashirin suna kallo na. Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi ciwo.

Na juya wurin Sarkin Noma. "Ranka ya daɗe, naka fa? Yana kamawa yau?"

Ya gyara hularsa. "Nawa? Garau. Sai da na ji labarai na fito."

"Me suka ce?"

"Abin da suka saba faɗa. Duniya ba lafiya."

Akwai wani tela a cikinmu, shi ma yana da ɗan rediyo. Ya ce nasa kamar mutumin yana cikin ɗakin. A garinmu mutum zai faɗa maka ɗansa ba lafiya, zai faɗa maka akuyarsa ta ɓata. Abu biyu ne ba zai faɗa ba: rumbunsa ya ƙare, rediyonsa ya mutu. Na san haka. Ni ma da ba a gabansu abin ya faru ba, garau zan ce. Amma ranar ban tuna ba. Abin da na gani shi ne na kowa yana yi, nawa ne kaɗai ba ya yi.

Washegari kasuwar Babura ke ci. Da asuba na sake gwadawa. Wata murya ta taso kamar daga ƙarƙashin ruwa, ta nutse. Na saɓa shi na kama hanya, ba ko kunu a cikina. Tafiya ce mai nisa, kuma duk taku ɗaya fushina ƙaruwa yake. Na tuna garwar Hanne. Na tuna kwandon taki. Na tuna wandona.

Na iske Sale a rumfarsa. Ya lulluɓe duk rediyoyinsa da zane, ɗaya kawai ya bari yana kamo Kano. Na lura da haka, ban yi tunani a kai ba. Na dire nawa a kan tebur.

"Kamo min tashar nesa."

Bai taɓa shi ba. Ya sunkuyar da kai.

"Sale, na ce ka kamo min."

"Yaya, shigo ciki mu yi magana."

Da na ga ya ƙi taɓawa, na ce shi ke nan, ya san abin da ya yi. Na juya na fuskanci kasuwa. Muryata ba ƙarama ba ce.

"Jama'a ku shaida! Sale macuci ne! Ya karɓi jaki mai ƙafa huɗu ya ba ni rediyo mai ƙafa ɗaya!"

Layin nan duka ya yi tsit. Mai gyaran keke ya tsaya da famfo a hannu. Ɗan kasuwa sunansa ne jarinsa, ni kuwa na ɗauki nasa na taka a gaban maƙwabtansa. Na jira ya musa, ya rantse, ya zage ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zagaya bayan rumfa, ya kwanto jakin, ya miƙo min igiyar.

"Ga shi, Yaya."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da Hanne ta ga jakin sai da ta shafa masa wuya, abin da ba ta taɓa yi min ba a gaban mutane. Sannan ta tambaye ni yadda muka yi. Na faɗa mata duka, har kalmar.

"Jakin ya dawo," ta ce. "Ƙanina fa?"

Bayan kwana tara ruwa ya sauko. Gabas ta yi baƙi da la'asar, iska ta kwashe mana rabin darni, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi har sai da na ji yunwata ta ƙaru. Yara suka fita tsirara suna ihu. Hanne ta jera duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo, har da akushi. Binne ya ci. Kwana huɗu gonar ta yi kore layi-layi. Amma daga tsiro zuwa girbi akwai wata uku, kuma su ne suka fi tsanani. Jakin nan shi ya fitar da mu. Ina sarar itace a dutse, ya kai Kazaure, mu dawo da garin rogo a mangala. Da rediyo ne a hannuna a watannin nan, da sai dai mu ji labarin kanmu a ciki.

Daga baya wani ya ce min ya ga rediyona a rumfar Sale yana kamo kowace tasha. Na ce ai dole, ya gyara bayan asirinsa ya tonu. Ban je ba. Shi ma bai zo da maganar ba.

Haka muka yi shekara talatin da wani abu. Ba gaba muke ba, don muna gaisawa. A wurin jana'iza, a wurin ɗaurin aure, mu ba juna kan yatsu. Ya daina ce min mai kai kamar turmi. In ya zo ganin yayarsa, Hanne ta kawo kwano biyu zaure, ta ajiye ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan. Ba ta taɓa yi min faɗa a kai ba. Sai dai kwanukan da ƙarar garwar nan take dire su.

Yanzu kowane yaro da rediyonsa a cikin waya, ba mai zama a tabarmar wani. Jakin ya mutu da tsufa. Ruwa kuma famfo ne a bakin masallaci, mai aiki da hasken rana. Ranar da ta raba ni da ƙanin matata ita ke ɗebo wa Hanne ruwa.

Da Rifkatu ta tafi ban koma gida ba. Na wuce wurin Sarkin Noma. Yana nan da ransa, ido ya tafi, yana kwance a zaure ana yi masa fifita. Muka gaisa.

"Ranka ya daɗe, shekarar binne. Ranar gayyar gonata. Rediyonka ya yi magana?"

"Wace shekara? Na tsufa, ba na tuna komai."

"Jiya na ji ka kana lissafa shanun da ka taɓa mallaka da sunayensu."



"Shuu yake yi," ya ce.

"Ka ce min garau."

"To me zan ce? Ka kwashe min mutane da sabon rediyo, sannan in ce nawa ya mutu a gaban mutum ashirin? A akwati na kulle shi na ce kada wanda ya taɓa. Bayan kwana biyu na buɗe na ga ya warke. Na ɗauka hutun ne ya yi masa magani."

"Telan fa?"

"Allah ya jiƙansa. Wurina ya zo a ɓoye yana tambaya ko na san mai gyara. Na ce masa nawa bai taɓa lalacewa ba, ina zan san mai gyara."

Na isa gida na zauna a kan turmi. Na yi wa Hanne bayanin rana da iskarta da darni, iya yadda na riƙe. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ni ban san rana ba," ta ce. "Ƙanina na sani."

"To yanzu ya zan yi?"

"Inda ka yar da maganar, can za ka je ka ɗauke ta."

Ranar kasuwa na shiga motar haya. Tafiyar da ta cinye min rabin wuni da ƙafa, ban gama gyara zama ba muka iso. Layin ya canja, rumfunan kara sun zama shaguna. Na Sale yana wurinsa, sai dai yanzu waya ake gyarawa, 'ya'yansa ke aikin, shi yana zaune a kujera da farin gemu. Wata mata tana miƙa wayarta ke nan. Na tsaya daidai inda na tsaya waccan ranar. Na juya na fuskanci kasuwa. Muryata har yanzu ba ƙarama ba ce.

"Jama'a ku shaida! Sale ba macuci ba ne!"

Layin ya yi tsit.

Wani matashi mai sayar da takalma ya ce, "Baba, wa ya ce macuci ne?"

Matar nan ta janye wayarta ta mayar cikin jaka. "Me ya yi?" ta ce.

"Bai yi komai ba! Abin da nake faɗa ke nan!"

"In bai yi komai ba me ya kawo maganar?"

Sale ya taso da sauri kamar ba tsoho ba, ya kama hannun rigata. "Yaya, don girman Allah sauke murya. Waɗanda suka ji ta farko duk sun mutu ko sun manta. Yau ka zo ka shuka min sabuwa."

Ya ja ni cikin shago. Na zauna a kan benci. Na ce, "Ba kai ba ne. Rana ce." Ya kalle ni kamar zafi ya taɓa min kai. Na yi masa bayanin, na haɗa da Sarkin Noma da akwatinsa. Na ce na yi kuskure, ya yafe min. Ban iya doguwar magana ba, a nan na tsaya.

Ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, ɗansa ya kawo ruwa.

"Yaya, ka san me ya sa na lulluɓe su da zane? Duk rediyon rumfata shuu suke yi tun jiyan ranar. Duka. Na ɗauka mutumin tsallake da nake saro su a wurinsa ne ya zuba min ruɓaɓɓen kaya. Da ka ce macuci, sai na ce a raina ashe gaskiya ne, na cuci mijin yayata ban sani ba. Da wane baki zan musa? Washegari na ɗaga zanen, duk suka tashi suna magana kamar ba su ba."

"Me ya hana ka zo ka faɗa min?"

"Me ya hana ka zo ka tambaya?"

Muka zauna muna kallon wayoyin mutane.

Can ya ce, a hankali, "Ai ni ma ban tsaya ba. Kana tafiya da jakin na ɗauki keke na tsallaka iyaka. Na sami mutumin a gaban shagonsa."

"Me ka ce masa?"

"Abin da ka ce min. Na ƙara da wasu."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To kai ma kana da tafiya."

"Ina da ita," ya ce. "Amma ni a kunne zan faɗa masa, mai kai kamar turmi."

Rifkatu ta dawo bayan kwana uku. Ta jingina da gawon ta danna, na'urar ta ce muna gonata. Na ce mata dama can muna nan. Ruwa har yau bai sauka ba. Sarkin Noma daga kwance ya aiko cewa a yi binne, matasa sun ce sai sun duba waya.

Ranar Juma'a Sale ya zo. Muka zauna a zaure, tabarma ɗaya. Hanne ta shigo da akushin nan na da, ban ma san tana ajiye da shi ba. Tuwon gero ne da miyar kuka, da tsokar nama guda ɗaya a tsakiya. Ta sunkuya ta ajiye shi a gabanmu. Na kasa kunne. Ban ji ƙarar komai ba.

Ina cikin bismilla Sale ya riga ni ɗauke naman. Na buɗe baki zan kira shi da sunan da ya dace da shi. Na tuna kasuwar Babura. Na cika bakin da tuwo.